Damƙin Dawar da Mama Saloma Ta Ƙi Karɓa

Ranar Lahadi, tun kafin a buga ƙarfen kiran sujada, Mama Saloma ta riga ta share gindin rumbu. Rumbun coci ke nan, wanda ke tsaye bayan majami'armu a nan Zuru, kewaye da zana, da hular ciyawa da ake sabunta masa duk shekara biyu. Tana isowa da tsintsiya a hammata, ta share, ta jingina tsani, ta hau tana nishi tana yi wa gwiwoyinta faɗa kamar yaran da suka ƙi aike. In ta ɗaga hular, sai ta zura hannu cikin dawa ta ji ko ta ɗauki zafi, ta shinshina ta ji ko ƙwari sun kawo ziyara. Sa'an nan ta sauko, ta jawo 'yar kujerarta, ta zauna a ƙofar zana tana jiran kwanuka. Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki, ba albashi, ba ko sabulun wanki.

Wanda ba ɗan gida ba, bari a yi masa bayanin kwanukan. Matan ikilisiyarmu suna da wata al'ada da suka gada daga iyayensu mata. Duk sa'ad da mace ta auni dawa za ta kai niƙa, sai ta ɗebi cikin hannu guda ta zuba a wata 'yar tukunya daban. Shi ake kira damƙi, kuma daga lokacin da ya bar tafin hannunta ya daina zama nata. Ranar Lahadi ta juye abin da ya taru a kwanon samira mai murfi, ta ɗora a ka, ta kawo rumbu. Da wannan dawar ake ciyar da baƙi da gidan makoki, da mai jegon da mijinta ke bakin daga, da duk gidan da tukunya ta kwana biyu ba ta ga wuta ba. Baikon kuɗi yana nan daban, cikin sujada ake yinsa, a taka rawa a je gaba a saka. Damƙi kuwa a bayan coci ake kai shi, ba ganga ba tafi.

Abin da Mama Saloma ta ƙara wa al'adar, wanda ba ta gada a wurin kowa ba, shi ne rufi. A da, a fili ake juye kwano kowa na kallo, mai tiya biyu tana yi wa mai rabin gwangwani kallon gefen ido. Wadda kuma ta zo karɓa sai ta laɓe ta jira kowa ya watse, sai ka ce sata ta zo yi. Da aka damƙa wa Saloma rumbu, tana da shekara talatin da 'yan kai, ta kafa doka ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Kowace mace ta zo da kwanonta a rufe, a ɗaure da ƙyalle, ko da abu a ciki ko babu. Ta miƙa kafin sujada, ta karɓa bayan an tashi. Saloma kaɗai ke shiga da kwano bayan zana. Wanda ya zo da dawa ya koma wayam, wanda ya zo wayam ya koma da dawa, kuma duk a rufe suke fitowa. Har ɗaukar kwanon sai da ta koya musu: a ka, hannu ɗaya na tallafe da shi, ko da iska ce kawai a ciki. Mata arba'in su jeru su miƙa, su jeru su karɓa, babu wadda za ta iya rantsuwa ta san mai bayarwa da mai karɓa.

Mijinta, Baba Ebenezer, tsohon sajan ne da ya ajiye kaki ya koma noma, kuma ba ya yabon mutum da arha. Amma in an taɓo masa maganar rumbu sai ya girgiza kai. "Na yi shekara ashirin da biyu a soja, ban ga mai riƙe sirri kamar matar nan ba," in ji shi. "Ɗaki ɗaya muke kwana, ban san kwanon wa ke zuwa wayam ba. Shekarar da na kwanta ciwo ma ina zargin namu ya je wayam. Na tambaye ta, ta ce in ci tuwona in yi shiru."

A bikin godiyar kaka na bana za ta sauka daga wannan aiki. Gwiwoyin da take yi wa faɗa sun gaji da jin faɗa, likita kuma ya ce ita da tsani sai dai kallo daga nesa. Shi ya sa muka ga bai kamata ta tafi shiru kamar yadda ta zo ba. Ke ce uwar rumbu, Mama Saloma. Ke ce kika san cikin kowane gida a ikilisiyar nan, ba ki taɓa kai na wani gaban wani ba. Mun sha ganin waɗanda suka ba da buhu ɗaya suka kira mai ɗaukar hoto. Ke kin raba abin da ya fi ƙarfin mota, ko sunanki ba a taɓa kira a kan bagade ba.

Akwai masu wayo a garin nan, a teburin mai shayi da tashar kabu-kabu, da suke cewa mutanen coci ba su da lissafi. Wai ta yaya mutum zai kasa sayen gishiri ranar Asabar, ranar Lahadi kuma a gan shi yana rawa da naira ɗari zuwa tasar baiko? Wai tsoro ne, ko tsoron Allah ko tsoron idon jama'a, ko kuma caca ce, a saka ɗari a jira dubu. Ba mu ce babu wuraren da ake tatsar talaka da sunan baiko ba. Akwai su, kuma Allah na ganinsu. Amma mai son ya san dalilin da ya sa Kirista ke bayarwa alhali aljihunsa ya bushe, ya bar teburin mai shayi ya zo ya ji abin da ya faru a ƙofar zanan nan. Ita kanta Mama Saloma, da duk shekarunta a bakin rumbu, sai da ta yi kuskure kafin ta san amsar. Labarin bai fito daga bakinta ba, don da ita ce har gobe ba za a ji ba. Wadda abin ya shafa ce ta tashi a taron Zumuntar Mata ta faɗa, ita ce kuma ta ce a rubuta da sunanta.

Daminar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi ce, tiyar dawa ta bi shi a guje. Ga kuma mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Sakaba da na wajen Kanya, sun cika kangaye da barandun 'yan'uwa. Kwanukan da ke zuwa wayam suka fi masu dawa yawa. Abin da Saloma ke ɗiba daga saman tsani, sai ga shi tana shiga cikin rumbun da kanta tana kwasowa daga ƙasa. Ba ta gaya wa kowa ba, sai dai ta rage tuwon gidanta, Baba Ebenezer ya yi gunaguni ya gaji.

Cikin waɗanda suka zo akwai Leah, matar Dawuda, daga wani ƙauye bayan Kanya. Sun iso da yara uku da kayan jikinsu, wani ya ba su ɗaki a gidansa da bai gama ginawa ba. A ƙauyensu Leah ce ke ba da waƙa a Zumuntar Mata, gidansu kuma shi ke kan gaba ranar godiyar kaka. A Zuru kuwa Dawuda ƙwadago yake bi a gonakin mutane, ita kuma tana sheƙa wa 'yan kasuwa hatsi a ba ta abin da ya samu. Wata huɗu kwanonta yana zuwa wayam yana komawa cike, ita da Saloma ba su taɓa haɗa ido a kan maganar ba.

Wata Lahadi cikin Yuli, Saloma ta shiga da kwanon bayan zana, ta kwance ƙyalle, ta ɗaga murfi, sai ta ga ɗan ƙulli a farar leda. Dawa ce, ba ta kai cikin gwangwanin madara ba. Ta ɗaga ta duba, ta ga guntun busasshen ganyen dogon yaro a ciki, irin wanda take zubawa a rumbu don korar ƙwari. Wato daga dawar da ta ba ta makon jiya ne matar ta cire damƙi ta dawo da shi. Tausayi ya kama Saloma har idonta ya kawo ruwa. Ta tuna ƙafafun ƙaramar 'yar Leah da ta gani a sujada, sirara, ta ce a ranta wannan ba zai yiwu ba. Ta cika kwanon da dawa, ta ɗora ƙullin a sama yadda ya zo, ta rufe.

Da a nan ta tsaya, da sauƙi. Amma da aka tashi, Leah ta zo karɓa, sai Saloma ta karya dokarta da bakinta. Ta jawo ta kusa, ta yi ƙasa da murya.

"Maman Destiny, kada ki ƙara, kin ji? Ke da yara uku. Allah ya ga zuciyarki, ya isa. Ki bar wa masu shi su kawo."

Leah ta dube ta, ta sunkuyar da kai, ta ce, "To, Mama." Ta ɗora kwano a ka ta tafi. Saloma ta koma gida ranar zuciyarta fes, tana ganin ta yi aikin alheri.

Lahadi ta zagayo, babu Leah, babu kwanonta. Wata Lahadin ta sake zagayowa, shiru. A mako na uku Saloma ta auni dawa ta saka a jaka, ta je gidan da la'asar. Leah ta tarbe ta da ladabi, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Da ta ga jakar sai ta ce, "Mun gode, Mama, muna da shi. A kai wa waɗanda ba su da shi." Saloma ta kalli murhu, toka ce mai sanyi. Ta lallasa, ta yi faɗa, ta sake lallashi, Leah tana murmushi tana cewa an gode. Haka ta dawo da jakarta, ranta a ɓace, tana cewa mutanen ƙauye da girman kai. Amma abin ya tsaya mata a rai. Ga Agusta ta shigo, watan da ko mai rumbu ke auna tuwo da ido, ga yara uku suna ramewa, ga mace ta bar sujada gaba ɗaya, ita kuma ba ta san ta inda za ta kamo ta ba.

Wanda ya buɗe mata ido ba fasto ba ne, ba kuma dattijon ikilisiya ba. Lukuman ne, mai injin niƙa na bakin kasuwa, mutumin wajen Birnin Kebbi da ya fi shekara goma yana niƙa wa unguwar. Ya san al'adar damƙi sarai, don a gabansa mata da yawa ke cirewa, har yakan tsokane su cewa suna rage masa ciniki. Ranar Alhamis Saloma ta kai niƙanta, ya kashe inji don ta ji shi da kyau.

"Mama, ɗiyar nan taku ta Kanya, lahiya dai? Rabin tiya taka kawowa, wata rana bai kai ba. Amma kahin in zuba ma inji sai ta ce in dakata, ta ɗebi hannu guda ta ƙulle ga bakin zane. Nic ce mata, baiwar Allah, wanga ɗan abin za ki kuma ragewa? Tac ce ba nata ba ne. Nic ce to ki kai ma mai shi mana. Sai tac ce ta kai, an ce ba a so."

 Lukuman ya kakkaɓe gari daga hannunsa, ya ƙara da cewa, "Ni ban san dokarku ba, Mama. Mu dai wajenmu, ko ƙwayar gyaɗa mutum ya miƙo don Allah, ba a maishe mai da hannu."

 A nan Saloma ta bar niƙanta, ko sallama ba ta yi masa ba. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, ta bi ta cikin taɓo har gidan da Leah ke zaune. Ta same ta tana dafa ganyen tafasa da ɗan gari a kai, abin da za su ci ke nan su biyar. A kusurwar ɗaki ga 'yar tukunyar ƙasa an kife ta da faifai. Saloma ba ta tambaya ba, ta san ko mene ne a ciki.

Ku tuna, wannan mace ce mai shekara sittin da biyar, mai jikoki, wadda ko fasto ba ya katse mata magana. Ta dafa bango, ta sauke gwiwoyin nan masu ciwo a kan dandamalin da ba a shafe ba, a gaban yarinyar da ta haifi sa'arta.

Leah ta zabura. "Mama, mene ne haka? Don Allah ki tashi, kada wani ya shigo ya gani."

"Ba zan tashi ba sai kin ba ni abin da na ƙi karɓa," in ji Saloma. Ta bar Hausa ta koma C'lela, yarensu na gida, don abin da ke ranta ya fi ƙarfin harshen kasuwa. "Na yi miki laifi, 'yata. Na ɗauka tausayi nake yi."

Leah ta zauna a ƙasa ita ma. 

"Mama, zanen nan da ke jikina na wata ne. Tabarmar nan ta wani ce. Ɗakin nan, ranar da mai shi ya sami kuɗin gama gini za mu fita. Tun da muka shigo garin nan ba abin da nake faɗa sai na gode, na gode, har ƙaramar 'yata in ta ga baƙo sai ta miƙa hannu. A gida ba haka muke ba. Dami ashirin muke kaiwa godiyar kaka, Baban Destiny a gaba, ni a baya da waƙa. Ranar nan na ce bari yaran nan su ga uwarsu ma ta miƙa wani abu. Destiny ce ta ƙulle ledar da hannunta. Muka dawo gida ta buɗe kwano, ta ga ƙullinta a sama yadda ta ƙulle shi. Ta ce, Mama, Allah bai karɓa ba?"

Ta share ido da bakin zane. "Me zan ce mata? Ni na san Allahn da ya karɓi dami ashirin shi ne zai karɓi damƙi. Ba don yana jin yunwa nake ba shi ba. Sun ƙone mana rumbu, sun kore mana shanu, sun raba mu da gona. In na daina cire damƙin nan kuma, to sun gama da ni ke nan, ba abin da ya rage. Ina cirewa don in tuna har yanzu ni tasa ce, kuma ina da wuri a gidansa kamar kowa. Sai kika ce in bar wa masu shi."

Saloma ta ji maganar ta soke ta, don kalmominta ne aka mayar mata ba ƙari ba ragi. Ta nuna tukunyar da haɓa. "Mako biyar kuna kwana da yunwa, wannan na nan?"

"Yaya za mu ci, Mama? Ba namu ba ne. Akwai ranar da Baban Destiny ya kalli tukunyar, ya kalle ni, ya saka takalmi ya fita."

Leah ta ɗaga faifan. Dawa ce ta kusa rabin tukunya, a samanta kuma 'yan tsofaffin takardun kuɗi a nannaɗe cikin leda, baikon Lahadin da ba ta je ba. Saloma ta miƙa hannu biyu za ta ɗauka, Leah ta mayar da faifan ta rufe.

"A'a, Mama. Ba a gida ake karɓa ba. In zan kawo, layi zan shiga kamar kowa."

"In zan kawo" ta ce, ba ta ce za ta kawo ba. Da wannan Saloma ta koma gida, ta yi kwana uku ba ta da sukuni. Baba Ebenezer ya tambaye ta ko gwiwa ce, ta ce e, gwiwa ce.

Ranar Lahadi ta zauna a ƙofar zana tun da sassafe. Mata suka jeru suka miƙa, layi ya ƙare, aka buga ƙarfe, mawaƙa suka fara. Ta ci gaba da zama, kwanuka jibge a bayanta ba ta taɓa ko ɗaya ba. Sai can ga Leah ta ɓullo ta gefen coci da kwano a ka, hannu ɗaya na tallafe da shi, Destiny na biye da ita. Shekara talatin Saloma tana karɓar kwano ba ta cewa kome. Ranar ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga murya yadda yarinyar za ta ji sarai, ta ce, "An karɓa."

Ta shiga bayan zana, nan kuma wata tambayar ta tare ta. In ta mayar da kwanon wayam, ta girmama baiko amma yara sun kwana da yunwa. In ta cika shi a kan abin da ke ciki, ta maimaita laifin da ta yi a baya. Ta hau tsani da kwanon, ta juye dawar Leah cikin rumbu har ƙwaya ta ƙarshe, ta gauraya ta da ta kowa har ba mai iya cewa ga tata. Sa'an nan ta ɗebo daga gaurayen ta cika kwanon, ta rufe, ta ɗaure. Abin da ya shiga ya shiga, abin da ya fito kuma na ikilisiya ne, ba na Leah ba. Kuɗin kuwa ba ta nan suka bi ba. Leah da kanta ta tashi lokacin baiko, ta taka rawa har gaba ta saka, waɗanda ke kusa suka ce ita ce ta ɗauki waƙar daga bakin mawaƙa.

Tun daga ranar, kowane kwano da ya zo ƙofar zanan nan, mai nauyi da marar nauyi, sai an ce masa an karɓa. A taron mata na gaba kuma Saloma ta sanar, ba ta ambaci sunan kowa ba, cewa mace na iya bayarwa ta karɓa a kwano ɗaya, a rana ɗaya, ba laifi ba kunya. Ashe ba Leah kaɗai ba ce. Kwanukan da suka yi watanni suna zuwa wayam suka fara zuwa da 'yan ƙulle-ƙulle, wani cikin cokali uku, wani cikin tafi. Ashe mata da yawa suna so, suna tsoron a ce mai karɓa ba ta da bakin bayarwa. Ba mu ce mu'ujiza ta faru ba, dawa ba ta haihuwa a cikin rumbu. An sha wuya daminar nan, an ci tafasa an ci rama. Amma rumbun bai kai ga sharewa ba har sabuwar masara ta fito, kuma ba a rasa ko mace ɗaya daga sujada ba.

To, masu wayon teburin mai shayi, ga amsarku. Wani yana bayarwa don godiya, wani don haka ya ga uwarsa na yi, wani kamar Baba Ebenezer, da ya ce soja ba ya fasa fareti don aljihunsa ba nauyi. Amma a ƙarƙashin duka akwai abin da Leah ta faɗa a gaban murhu. Mutumin da aka hana shi bayarwa an fitar da shi daga cikin mutane, ko da kuwa da tausayi aka fitar da shi. Talauci ya riga ya ƙwace masa abubuwa da yawa. Wannan ɗaya da ya rage, yana riƙe da shi da ƙarfinsa, kuma yana da gaskiya.

Ke ce kika koya mana wannan, Mama Saloma, kuma ba da wa'azi ba. Masu riƙe amana suna da yawa, amma masu shekara sittin da biyar da za su durƙusa a gaban ƙaramarsu su ce na yi laifi, a yatsa ake ƙirga su. Muna jinjina miki don rufin da kika yi wa kwanukanmu shekara talatin da ɗaya. Muna ƙara jinjina miki don ranar da kika gane alherinki ya ji wa wata ciwo, ba ki tsaya kare kanki ba, kika bar niƙanki a inji kika bi taɓo.

Makon jiya dattawan ikilisiya suka kira ta suka tambaye ta wa take ganin za a ba rumbu. Ba ta yi dogon tunani ba, ta ce Leah. Ɗaya daga cikinsu ya gyara zama ya ce, da girmamawa, matar nan baƙuwa ce, gonar aro take nomawa, ko rumbun kanta ba ta da shi. Saloma ta ce, "Shi ya sa. Ita kaɗai ce na tabbata ba za ta taɓa mayar wa talaka da hannunsa ba. Ni na taɓa yi." A kan haka aka rufe taro da addu'a.

Mun gode, uwar rumbu. Allah ya hutar da gajiyarki, ya sassauta miki gwiwa, ya ba ki tsawon rai ki ga Leah ta koma ƙauyensu ta gina nata rumbun. Ku kuma da kuke riƙe da tasar baiko, ko buhun agaji, ko wata 'yar amana ta jama'a, a coci ko a masallaci ko a unguwa, ku ɗauki darasi a wurin tsohuwar nan tun tana raye. Ku rufa wa mai karɓa asiri. In kuma wanda kuka san ba shi da shi ya miƙo muku ɗan abin da ya ƙulle, kada ku ce ya bari. Ku sa hannu biyu ku karɓa, ku gaya masa an karɓa, da ƙarfi yadda 'ya'yansa za su ji.